Tarihin Masassarar Lassa: Wa Ya Tashi, Wa Ya Tafi?

Mai karatu, ka san masassara. Babu gidan da ba ta shiga ba. In ta kama mutum sai jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, gaɓoɓi su mutu. A sha magani, bayan kwana uku a koma gona. To, yau za mu ba ka labarin wata masassara wadda farkonta kamar wannan da ka sani, amma ƙarshenta dabam ne. Sunanta masassarar Lassa. Ba daga bayan teku ta zo ba. A maƙwabciyarmu Najeriya aka gano ta, cikin shekarar 1969. Kuma lokacin da ta fi yawa, wato daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne lokacin da samarinmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa suke gangarawa kudu cin rani. Saboda haka labarin ya shafe ka, ko da kai ba ka taɓa ƙetare iyaka ba.

Mata uku

Lassa gari ne na Margi, a kudancin jahar Borno ta yanzu, kusa da iyakar Kamaru. A can akwai wani ƙaramin asibitin mishan. Cikin masu aiki a ciki akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya, malamar jinya, sunanta Laura Wine. A tsakiyar watan Janairu na 1969 ta fara kukan ciwon baya da ciwon kai. Masassara ta biyo. Likitan wurin, John Hamer, ya yi abin da kowane likita zai yi: ya ba ta maganin masassarar sauro. Ba ta sauka ba. Ya yi mata allurar fenisilin. Ba ta sauka ba. Da ya leƙa maƙogwaronta sai ya ga gyambuna. Wuyanta ya kumbura, haɗiya ta gagara, fitsari ya ragu. Ranar 25 ga wata aka sa ta cikin ƙaramin jirgin sama aka kai ta Jos, asibitin Bingham. Kashegari ta rasu.

Wata malamar jinya mai suna Charlotte Shaw ita ta kula da ita a Jos. Ta naɗe yatsanta da bandeji tana share mata baki. Ashe akwai ɗan rauni a yatsan, ƙayar fure ce ta soke ta a lambu. Ta wanke hannu, ta sa magani, ta manta. Bayan kwana takwas sai ciwon baya da ciwon ƙafa da masassara. Kwana 11 ta yi tana jinya, ta rasu ranar 13 ga Fabrairu.

Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta ce sai an buɗe gawar an ga abin da ya kashe ta. Shugabar masu jinya, Lily Pinneo, ta taimaka mata. Ita ce kuma ta yi jinyar matan biyu. Ranar 20 ga Fabrairu ita ma ta kwanta.

Yanzu kowa ya tsorata. Aka yanke shawarar fitar da ita ƙasar. Ka tuna, a lokacin Najeriya tana cikin yaƙin basasa, tafiya ba ta da sauƙi. Ta yi kwanaki a wani gidan keɓe masu annoba a Legas, sannan a farkon Maris aka sa ta cikin babban jirgi zuwa Nuyok, aka cire kujeru aka shimfiɗa ta. Zafin jikinta ya taɓa wuce digiri 41. Ta yi sati tara a asibiti. Gashinta ya zube, jinta ya ragu, ta rame ƙwarai. Amma ta tashi.

Ka ga yadda labarin ya fara: mata uku, cuta ɗaya, biyu sun tafi, ɗaya ta rayu. Tun daga ranar likitoci suke tambayar da ke kan wannan takarda. Me ya sa wannan ya tashi, wancan bai tashi ba?

An kai jinin matan jami'ar Yel a Amurka, inda ake nazarin ƙwayoyin cuta. Wata masaniya, Sonja Buckley, da abokan aikinta Jordi Casals da Wilbur Downs, suka ware ƙwayar. Irin ƙananan nan ce da ake kira birus, wadda madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Da aka dube ta da babban madubi mai aiki da lantarki sai aka ga cikinta kamar an barbaɗa rairayi. Ba wanda ya taɓa rubuta labarinta. Aka sa mata sunan garin da aka fara ganin ta.

Cikin watan Yuni na shekarar, Casals kansa ya kamu. Ya yi nauyi har aka fara fid da rai. Sai aka tuna da Lily Pinneo. Wanda ya warke daga cuta, jininsa yana riƙe da garkuwar da ta yaƙe ta. Aka ɗebi jininta, aka tace ruwansa, aka ƙara wa Casals. Ya warke. A ƙarshen shekarar kuma wani ma'aikacin jami'ar, Juan Roman, ya kamu ya mutu, alhali ba shi ke aiki da ƙwayar ba. Nan take Yel ta dakatar da aikin, aka mai da shi wani ɗakin bincike mai tsaro a birnin Atalanta.

Jos, 1970

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce cutar Turawan mishan ce. Amma shekara guda bayan haka ta nuna ainihin waɗanda take ci. A ƙarshen Disamba na 1969 aka kwantar da wata mace a asibitin Evangel na Jos, inda talakawan gari suke zuwa. Ba ta daɗe da haihuwa ba, tana masassara, tana tari ƙwarai. Ta yi kusan sati biyu a ɗakin mata. Bayan haka sai mutane suka dinga kwantawa ɗaya bayan ɗaya: waɗanda suka yi jinya a ɗakin, da ma'aikata, da ƴan dubiya. Mutum 28 aka ƙidaya, 13 suka mutu.

Likita Troup ta gane cutar, don ta gan ta bara. Duk da haka ta buɗe gawa biyu don ta tabbatar. Tana cikin aikin wuƙa ta yanke ta a yatsa, ta ratsa safar hannu. Ta san abin da wannan yake nufi. A farkon Fabrairu masassara ta kama ta, ranar 18 ga wata ta rasu. Lily Pinneo tana kan hanya daga Amurka da ruwan jininta don a ƙara mata. Ta iso bayan an gama.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen Turawan nan, kuma sun cancanta, don sun mutu suna yi wa mutane aiki. Amma ƴan ƙasa da suka mutu a Jos, yawancinsu lamba kawai aka ba su. Waɗanda suka mutu a ƙauyuka kafin 1969 kuwa, ko lambar ba su samu ba. An ce masassara ce, ko iska, ko sammu, aka rufe su. Shaida ta fito daga baya. Likita John Frame na Nuyok ya gwada jinin wata ma'aikaciyar mishan da ta yi mugunyar masassara a ƙasar Gine cikin 1965, har ta kurumce, ya tarar da alamar cutar Lassa a ciki. A 2015 kuma masana suka kwatanta ƙwayoyin cutar na ƙasashe dabam dabam, kamar yadda maroƙi yake bin asalin gidan sarauta, suka ce tushenta yana ƙasar da ake kira Najeriya yau, kuma ta wuce shekara 1,000. Ke nan ta girmi Damagaram da Maraɗi da ɗaruruwan shekaru. Mutanen Lassa ba su kawo ta ba, garinsu ne dai aka fara rubutawa. An ɗora musu suna mai nauyi. Sai a 2015 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ba da shawara a daina sa wa sabuwar cuta sunan gari ko ƙasa.

Cikin Maris na 1972 cutar ta ɓulla a Zorzor, ƙasar Laberiya. A nan ma daga mace mai ciki ta fara, wadda aka kawo asibiti tana zubar da jini. Mutum 11 suka kamu, 4 suka mutu, cikinsu har da Esther Bacon, ungozomar da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a garin. Ka riƙe wannan: mace mai ciki, jini, asibiti. Za ka sake jin sa.

Ina take ɓoye?

Cutar da ke kashe mutum cikin sati biyu ba ta iya zama cikin mutane kaɗai. Dole tana da wurin kwana. Cikin 1972 wasu masana ƙarƙashin Thomas Monath suka je Panguma da Tongo, yankin haƙar lu'ulu'u a ƙasar Saliyo, inda cutar ta yi yawa. Suka ɗana tarkuna cikin gidajen marasa lafiya da bayan gari. Suka kama ɗaruruwan ƙananan dabbobi, har da jemagu. Aka gwada su duka. Cikin iri ɗaya aka sami ƙwayar: kusu, wanda wasu ke kira ɓera. An buga sakamakon a 1974.

Ba gafiya ba ce, ba kuma jaɓa ba. Wani ƙaramin kusu ne da masana ke kira Mastomis. Alamarsa tana ga macen: tana da nono da yawa jere a ciki, har yakan kai 24, kuma tana haihuwar goma ko fiye a lokaci guda. Yana zama a gona, yana zama a ɗaki. Abin mamaki, shi cutar ba ta kwantar da shi. Yana yawonsa lafiya lau, yana zubar da ƙwayar cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya hau tulu ko kwanon da ba a rufe ba, ko garin da aka shanya a ƙasa, ya bar ta nan. Mutum ya ci, ko ya shaƙi ƙurar wajen shara, ko ta shiga masa ta rauni. A Gine an tarar masu farautar kusu suna ci sun fi sauran mutane kamuwa. Daga mutum zuwa mutum kuwa, ta jini take bi, da fitsari, da amai, da sauran ruwan jiki. Gaisuwa da zama kusa ba su ne manyan hanyoyinta ba.

Wannan kusu yana ko'ina a Afirka kudu da hamada. Masu binciken dabbobi da suka ɗana tarko a unguwannin Yamai sun same shi cikin gidaje da yawa. Amma ba kowanne ke ɗauke da ƙwayar ba. Ƙasashen da OMS ta ce cutar ta zauna a cikinsu su ne Najeriya, Saliyo, Laberiya, Gine, Mali, Gana, Togo da Benin. Uku daga ciki muna da iyaka da su.

Yadda take tafiya a jiki

Daga 1977 wani likita, Joseph McCormick, da abokan aikinsa ƴan Saliyo da ƴan Amurka suka zauna a gabashin Saliyo shekara da shekaru, suna rubuta abin da suka gani ga kowane majinyaci. Mafi yawan abin da aka sani game da alamun cutar daga nan ya fito. Bari mu bi ta daki daki.

Bayan ƙwayar ta shiga jiki takan yi shiru, daga ƴan kwanaki har zuwa sati uku. Ba ta faɗo wa mutum gaba ɗaya. A hankali take zuwa: masassara, kasala, jiki ba daɗi. Bayan ƴan kwanaki sai ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ciwon tsoka, ciwon ƙirji, tari, tashin zuciya, amai, zawo, ciwon ciki. Mai karatu, duba wannan jeri da kyau. Wanne ne a ciki ba ka taɓa gani ga mai masassarar sauro ko taifot ba? Babu. Nan wahalar take. Likita ma da ido kaɗai ba ya iya rarrabewa, sai an gwada jini.

Cikin majinyata 441 da suka bincika, likitocin Saliyo sun ga alamu huɗu da suka fi nuna cutar in sun haɗu: masassara, da kumburin maƙogwaro, da ciwo a bayan ƙashin ƙirji, da wani sinadari da ake kira furotin cikin fitsari. Ciwon maƙogwaron yakan yi tsanani har mutum ya kasa haɗiye yawunsa.

A sati na biyu hanya take rabuwa. Wanda zai tashi, masassara ta fara sauka. Wanda cutar ta fi ƙarfinsa, fuska da wuya su kumbura, ruwa ya taru a ƙirji, numfashi ya yi wuya, bugun jini ya faɗi. Wasu jini yana fita ta dasashi, ko hanci, ko cikin bayan gida, ko ta gaban mace. Daga nan sai makyarkyata, ruɗewa, farfaɗiya, suma. Mutuwa, in za ta zo, yawanci cikin kwana 14 take zuwa daga ranar da ciwon ya fara.

Likitoci suna sa Lassa cikin dangin cututtukan da suke kira masassara mai zubar da jini, tare da Ebola da wasunsu. A ganinmu wannan suna ya yi ɓarna. Cikin majinyatan nan 441, wajen 17 ne kawai cikin 100 suka zubar da jini. Ko waɗanda suka mutu, ba ƙarewar jini ke kashe su ba. Ƙwayar tana lalata ƙananan jijiyoyi, ruwan jini ya dinga tsiyaya cikin jiki, hanta da ƙoda su kasa aiki. Wanda ya zauna yana jiran ya ga jini kafin ya ce Lassa ce, to ya jira har lokaci ya wuce.

Lissafin rai

In ka saurari rediyo za ka ji lambobi masu saɓa wa juna. Wani ya ce mutum 1 cikin 100 ke mutuwa. Wani ya ce 15. Wani ya ce fiye da rabi. Ba wanda ya yi ƙarya. Kowa da inda ya tsaya ya yi ƙidaya.

Wanda ya ce 1 cikin 100, duk waɗanda ƙwayar ta shiga ya ƙidaya. Da aka gwada jinin mutanen ƙauyukan Saliyo, a wasu ƙauyuka rabin mutane suna da alamar sun taɓa kamuwa, kuma yawancinsu ba su sani ba. OMS ta ce wajen mutum 80 cikin 100 ba sa jin komai, ko kuwa ƴar masassara ce ta wuce. Wanda ya ce 15, waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti ya ƙidaya. A binciken Saliyo 16 da rabi ne cikin 100. Kada ka raina wannan lamba. A asibitocin nan biyu, cikin kowane manya goma da suka mutu a ɗakin jinya, uku Lassa ce ta kashe su. Daga wannan aiki aka yi kirdadon cewa mutum 100,000 zuwa 300,000 ke kamuwa kowace shekara a Afirka ta Yamma, wajen 5,000 su mutu. Tsohon kirdado ne na shekarun 1980, amma har yanzu ana ambatonsa.

Wanda ya ce fiye da rabi kuwa, labarin asibitin da cutar ta shiga ba a sani ba yake bayarwa. A 1989, a wasu asibitoci biyu na jahar Imo a kudancin Najeriya, mutum 34 suka kamu, 22 suka mutu, cikinsu har da likitoci da masu jinya. Da aka bincika sai aka tarar allura guda ake yi wa mutane da yawa da ita, ana kuma yin tiyata babu cikakkiyar kariya. Allura tana kai ƙwayar cikin jini kai tsaye, da yawa. Ka tuna da wannan in mai yawo da allura a kasuwa ya ce ka miƙo hannu.

Don ka kwatanta: lokacin da Ebola ta fara ɓulla a Yambuku, ƙasar Zayar ta da, cikin 1976, mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. Lassa ba ta kai ta kisa ba. Amma Ebola zuwa take ta tafi. Lassa kowane rani tana nan.

To, su wa suka fi shiga hatsari? Na farko mata masu ciki. A Saliyo an bi labarin mata 68 masu ciki da suka kamu, aka buga a 1988. Waɗanda cikinsu ya shiga wata uku na ƙarshe, 30 cikin 100 suka mutu. Masu ƙaramin ciki, 7 cikin 100. Jariran kuwa, 87 cikin 100 aka rasa. Ƙwayar tana son mabiyiya, tana yawaita a cikinta. Shi ya sa ɗakin haihuwa ya zama tarko ga ma'aikata. Cikin Janairu na 2020 an yi wa wata mai ciki tiyata a wani babban asibitin Kano. Ta rasu, likitoci biyu suka bi ta. Shekara 50 ke nan cif bayan Jos.

Na biyu, waɗanda ƙodarsu ta tsaya. A asibitin Irrua na jahar Edo an duba majinyata 291 tsakanin 2011 da 2015. Gaba ɗaya 24 cikin 100 suka mutu, amma cikin waɗanda ƙodarsu ta lalace, 60 cikin 100. Tsofaffi ma sun fi yara da matasa mutuwa. Asibitin da ke da injin wankin ƙoda yana ceton waɗanda da can ba su da mafita. A Owo ta jahar Ondo, inda aka kula da majinyata 510 daga 2018 zuwa 2020 da gwajin jini da kyakkyawar jinya, 12 cikin 100 suka mutu.

Na uku, wanda aka kawo a makare. Cikin 1986 McCormick ya buga sakamakon gwajin wani magani mai suna ribabirin. Cikin waɗanda awon hanta ya nuna ciwonsu ya yi nauyi, 55 cikin 100 suna mutuwa in ba a ba su ba. In aka fara ba su cikin kwana shida na farko, 5 cikin 100. In an wuce kwana shida, 26. A wannan gwaji ne kuma aka tarar ƙarin ruwan jinin wanda ya warke bai rage mutuwa ba. Mai yiwuwa ne Casals da ma zai tashi ko ba jinin Pinneo. Shekara talatin da ɗoriya ana dogara da ribabirin. Daga 2019 zuwa 2022 wasu masana suka sake duba takardun gwajin, suka ce ba a tsara shi yadda zai ba da tabbaci ba, har ma mai yiwuwa ne maganin ya cuci wanda ciwonsa bai yi nauyi ba. Ana dai ba da shi har yanzu a Najeriya, ana kuma gwada wasu. Abin da babu gardama a kansa shi ne jinya da wuri: ƙarin ruwa, lura da fitsari, lura da bugun jini, iskar numfashi in ana bukata.

Bayan an tashi

Tashi daga Lassa ba shi ne ƙarshen magana ba. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke, kunnensu yana mutuwa, ɗaya ko duka biyu. Abin yakan zo ne daidai lokacin da masassara take sauka, iyali suna murna. Rabinsu jin yana ɗan dawowa bayan wata ɗaya zuwa uku. Sauran sun kurumce ke nan. Kuma ba sai wanda ya yi ciwo mai tsanani ba. Wanda ya yi ƴar masassara ma yana iya wayar gari ba ya jin kiran salla. Ka yi tunanin ɗan kasuwa da ba ya jin tayi, ko uwar da ba ta jin kukan jaririnta da dare. Ba a sa waɗannan cikin lissafin matattu, saboda haka ba kasafai ake maganarsu ba. Wasu gashi yana zubewa ya sake tsirowa, wasu su yi watanni suna tangaɗi in suna tafiya. Namiji da ya warke, ƙwayar tana iya zama cikin maniyyinsa wata uku, wani lokaci fiye, don haka likita yakan gargaɗe shi game da iyalinsa.

Cikin waɗanda suka ba da ransu ga wannan aiki akwai Aniru Conteh, ɗan Saliyo da ya yi karatun likita a Ibadan. Shekara 25 ya yi yana jinyar masu Lassa, da farko a Segbwema, daga baya a Kenema. Da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsu cikin 1991, baƙi suka tafi, shi ya tsaya. Dubban mutane sun bi ta hannunsa. Cikin Maris na 2004 yana ɗibar jinin wata majinyaciya mai ciki allura ta soke shi. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu. Wanda ya gaje shi, Sheik Umar Khan, Ebola ce ta kashe shi cikin Yuli na 2014.

A Najeriya yanzu ana gwada jini fiye da da, saboda haka lambobin sun fito fili. Cikin 2018 an tabbatar da mutum 633, 171 suka mutu. Cikin 2020, mutum 1,189, aka rasa 244. Jahohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba su suka fi yawa. A Benin ta ɓulla a Tangiyeta cikin 2014, ta kashe ma'aikatan asibiti, ta sake dawowa a yankin Borgu cikin 2016, kan hanyar da motocinmu suke bi daga Gaya zuwa Kwatano. Mu ma a nan mun ɗanɗani ƴar uwarta. Cikin 2016 masassarar Kwarin Rift, wadda ake ɗauka daga dabbobi marasa lafiya, ta kama makiyaya a jahar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, fiye da mutum 30 suka rasu.

Saboda haka, mai karatu, in ɗanka ko ƙanenka ya dawo daga cin rani da masassara, aka ba shi maganin sauro kwana biyu ko uku ba ta sauka ba, musamman in yana kukan maƙogwaro, kai shi gidan likita. Da shigarku ka faɗa wa malamin jinya garin da ya fito da ranar da ya baro shi. Wannan magana guda tana iya sa malamin ya sa safar hannu, ya keɓe shi, ya aika da jininsa gwaji. Kada a taɓa amansa ko jininsa da hannu tsirara. In Allah ya yi masa cikawa, a bar ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi masa sutura.

Har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince a yi wa jama'a. Cikin 2024 an fara gwada wata a kan masu sa kai a Abuja, mataki na biyu ke nan na gwaji, kuma shi ne karon farko da wata rigakafin Lassa ta kai nan. Lily Pinneo ba ta ga wannan ba. Bayan ta warke ta koma aikinta a Jos, ta je Zorzor a 1972 ta yi jinyar masu cutar, tun da ita ba ta sake kama ta. Ta rasu a Amurka cikin 2012, tana da shekara 95.